Wuyan Mai Gyaran Agogo

Ba wata ƙara aka ji ba.
A Odense ne, bakin fitilar hanya, ana yayyafi,
ina jiran ja ta koma kore,
sai motar burodi ta dungure bayan tawa.
Kaina ya tafi baya, ya dawo gaba,
kamar bakin bulala a hannun wanda bai yi niyyar duka ba.
Yaron ya fito jiki na ɓari, yana ba da haƙuri.
Na ce, "Je ka, kada burodinka ya huce."

Daren nan na yi barcina lafiya lau.
Sai da gari ya waye wuya ya zo karɓar bashi.
Ƙeya ta ƙage, kafaɗa ta ɗauki zafi,
ciwon kai ya taso daga baya ya zauna a kan gira.
Solvej, 'yata, ta kira ni daga ƙofa,
na juya gaba ɗaya, har da ƙafafu,
kamar kabad ake juyawa.

A asibiti suka ɗauki hoto.
Babu karaya, in ji su, tsoka ce da jijiya suka ji jiki.
Na koma shago. Agogo arba'in suna tafiya,
ni kaɗai na tsaya.

Mako uku, Solvej ta gaji da nishina,
ta kai ni wurin Bodil, mai gyaran ƙashin baya,
hawa na biyu, saman wani shagon keke.
Na zaci zan shiga ta murɗe ni, a ji ƙas, a sallame ni.
Ina! Tambaya ta fara.
Kana jin jiri? Yatsu suna mutuwa? Ido yana ganin biyu?
Da ka ce e, da likita zan mayar da kai yanzu.
Sannan ta ɗora hannu, mai sanyi kamar cokali,
tana bin gaɓoɓin wuya ɗaya bayan ɗaya,
yadda nake bin haƙoran agogo in nemo wanda ya cije.

"Sana'arka me?"
Na faɗa mata.
"Shekara nawa kana sunkuye?"
Talatin da huɗu.
Ta yi shiru, ta ce, "Motar ta ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai.
Baƙon ya daɗe a cikin gida."

Ta jera mini abin da ke hannunta:
akwai tausa, akwai motsa gaɓa a hankali,
akwai gyaran nan mai ƙara, in jiki ya yarda, in ni ma na yarda,
ba yau ba dai.
Abin wuyan soso da na saya, ta ce in cire,
wuyan da aka ɗaure mantawa yake da aikinsa.
Ta ba ni aikin gida kamar ɗan firamare:
ja haɓa ciki, ƙirga biyar, saki.
Dubi hagu. Dubi dama. Tsumma mai ɗumi da dare.
Ɗaga teburin aikinka tsawon tafin hannu.

Na yi gunaguni, amma na yi.
Wata rana sauƙi, wata rana kamar ba a fara ba.
An ce wuya ba ta kisa,
wanda ya faɗa bai kwana da wuyan da ya ƙi filo ba.

Cikin agogo arba'in na zaɓi guda,
ƙarami, mai muryar tsuntsu, wanda mai shi bai dawo ba,
na sa shi ya riƙa kira duk rabin awa
in ɗago kai.
A haka na gano akwai taga a shagona,
da wata bishiya a tsallaken titi
da ban san lokacin da ta girma ba.

Jiya Solvej ta kira ni daga ƙofa.
Na waiga.
Bai kai kafaɗa ba tukuna, da saura,
amma ƙafafuna suna inda suke.